Alƙahira: Inda Fatawa, Doka Da Ɗan Sanda Ba Su Cika Tafiya Tare Ba

Daga ranar 5 zuwa 13 ga Satumba, 1994, wakilan ƙasashe 179 suka taru a babban zauren taro na unguwar Madinat Nasr a birnin Alƙahira. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta kira su domin a tattauna yawan al'umma da raya ƙasa. Tun kafin a buɗe taron ƙura ta tashi. Saudiyya da Sudan da Lebanon da Iraƙi suka ƙi zuwa. Firaministar Turkiyya Tansu Ciller da ta Bangaladash Khaleda Zia suka yi zamansu a gida. Cibiyar binciken Musulunci ta Azhar, a zamanin Shaihul Azhar Gad al-Haƙ, ta ce a cikin daftarin akwai abubuwan da ke buɗe ƙofar zubar da ciki da mu'amala ba aure. Fadar Paparoma John Paul na Biyu ta yi watanni tana faɗin haka ita ma. 'Yan bindigar Jama'a Islamiyya kuwa suka gargaɗi baƙi da kada su kuskura su zo.

Shugaba Hosni Mubarak bai soke taron ba, bai kuma yi fito-na-fito da malaman ba. Tsakiya ya bi, kuma a wannan tsakiyar Masar take har yau. Wanda ya fahimci abin da ya faru a waɗannan kwanaki tara zai gane yadda ƙasar ke tafiyar da batutuwa uku da ke tayar da jijiyar wuya a duniya: zubar da ciki, matsayin addini a mulki, da masu neman jinsi guda.

Maganar ta shafe mu. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka gina wa ɗalibansu makaranta a Masar, kuma Imam Suyuɗi ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha daga Alƙahira a ƙarni na 15. Yau ma ɗalibanmu na Kano da Sakkwato da Maraɗi suna cike a Azhar. Da yawa daga cikinmu na ɗauka cewa abin da Azhar ta faɗa shi ne dokar Masar. Ba haka abin yake ba.

Sakin layi ɗaya, kwanaki ana ja

Likita 'yar Pakistan, Nafis Sadik, ita ce babbar sakatariyar taron, shi kuma Farfesa Fred Sai na Ghana ya shugabanci kwamitin da ya tace daftarin. Mataimakin shugaban Amurka Al Gore ya jagoranci tawagar ƙasarsa. A ranar buɗewa Firaministar Norway, Gro Harlem Brundtland, ta yi kira da a daina ɗaukar zubar da ciki a matsayin laifi, tana mai cewa haramcin bai hana aikin ba, sai dai ya jefa mata matalauta hannun 'yan tsibbu. Benazir Bhutto ta Pakistan, wadda ta zo duk da matsin malaman ƙasarta, ta kare tsarin iyali da ilimin mata, amma ta ce Musulunci bai yarda da zubar da ciki ba sai bisa larura.

Rigimar ta taru a sakin layi na 8.25. Kwanaki aka yi ana sauya kalmominsa. Abin da aka tsaya a kai shi ne: ba za a tallata zubar da ciki a matsayin hanyar tsarin iyali ba, inda doka ta halatta shi a yi shi cikin tsaro, ko ina ne, macen da ta samu matsala bayan zubewar ciki tana da haƙƙin a kula da ita, kuma sauya doka a kan wannan batu aikin majalisar kowace ƙasa ne. An kuma yi ja-in-ja a kan ma'anar iyali, domin wakilan ƙasashen Musulmi da na Katolika sun ji tsoron kada wasu kalmomi su zama mashigar auren jinsi. Aka goge abin da suka fi ƙi, aka kuma rubuta a farkon babi na biyu cewa kowace ƙasa za ta aiwatar da shirin ne bisa dokokinta da mutunta addinin jama'arta.

Kowa ya koma gida yana cewa shi ya ci. Ƙungiyoyin mata sun samu amincewar duniya cewa lafiyar haihuwa haƙƙi ce. Malamai da limaman coci sun hana a ayyana zubar da ciki a matsayin haƙƙi. Gwamnatin Masar kuwa ta samu abin da ya fi: ikon yanke hukunci ya tsaya a hannunta.

Dokar ta fi fatawa tsauri

Kundin hukunta laifuka na Masar doka ce ta 58 ta shekarar 1937, wadda asalinta ke komawa ga dokokin 1883 da 1904 da aka tsara bisa salon Faransa. Sassa na 260 zuwa 264 su ne na zubar da ciki. Wanda ya zubar wa mace ciki ta hanyar duka ko cutarwa zai sha ɗauri mai tsanani. Wanda ya ba ta magani ko ya nuna mata hanya zai sha ɗauri, ko da yardarta. Ita ma macen da ta yarda tana da laifi. Idan mai aikin likita ne ko mai harhaɗa magani ko ungozoma, hukuncin ya ƙaru. Sashe na 264 ya ce yunƙurin da bai kai ga zubewa ba babu hukunci a kansa.

Babu inda waɗannan sassa suka keɓe fyaɗe, ko cikin da muharrami ya yi, ko nakasar ɗan tayi. Mafitar da likitoci ke bi ita ce sashe na 61, wanda ya ɗauke laifi daga wanda larurar ceton rai ta tilasta, da kuma ƙa'idar aikin likita ta 2003, wadda ta yarda a cire ciki don lafiyar uwa idan ƙwararrun likitoci biyu suka shaida a rubuce.

A fiƙihu kuwa maganar ta fi haka faɗi. Malamai sun haɗu a kan haramcin zubar da ciki bayan busa rai, wato bayan kwana 120, sai don ceton ran uwa. Kafin nan ne suka saɓa. Malikawa, mazhabar da muke bi a ƙasar Hausa, su ne mafiya tsauri, domin mashhurin ra'ayinsu ya hana ko kafin kwana 40. Hambalawa da yawa sun sassauta a cikin kwana 40 na farko. Hanafawa da wasu Shafi'awa sun ba da dama kafin busa rai idan akwai uzuri. A 1998 Muftin Masar, Shaikh Nasr Farid Wasil, ya ba da fatawar cewa wadda aka yi wa fyaɗe za ta iya zubar da cikin kafin kwana 120, kuma Shaihul Azhar na lokacin, Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, ya tafi a kan haka. An kai ƙudurin mayar da wannan fatawa doka gaban majalisa daga baya, bai wuce ba.

Ga abin mamakin: yarinyar da aka yi wa fyaɗe a Alƙahira za ta iya samun sassauci a wurin mufti, ta rasa shi a wurin alƙali. A aikace ba kasafai ake gurfanar da mata ba, amma tsoron dokar ya tura aikin ƙarƙashin ƙasa. Mai kuɗi ta san asibitin da za ta je a rufa mata asiri. Talaka sai ƙwayoyin da ake saya a ɓoye, in jini ya ɓalle a garzaya da ita asibitin gwamnati a rubuta ɓari. Tunisiya ta halatta zubar da ciki a watanni uku na farko tun 1973, Turkiyya kuma zuwa mako goma tun 1983, alhali duk ƙasashen Musulmi ne. Masar ba ta shiga Yarjejeniyar Maputo ta 2003 ba, wadda ta nemi ƙasashen Afirka su ba da dama a halin fyaɗe da barazana ga rai ko lafiyar uwa. A Oktoban 2020 ma tana cikin ƙasashe shida da suka ɗauki nauyin Sanarwar Geneva, tare da Amurka da Brazil da Hungary da Indonesiya da Uganda, wadda ta ce babu wani haƙƙin zubar da ciki a dokar duniya. A lokaci guda gwamnatin tana yaƙi da yawan haihuwa, domin jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100 a 2020, har ta ƙaddamar da gangamin kira ga ma'aurata su tsaya a 'ya'ya biyu.

Wa ke riƙe da linzamin addini?

Sashe na 2 na kundin tsarin mulkin 2014 ya ce Musulunci ne addinin ƙasa, kuma ƙa'idojin shari'a su ne babban tushen dokoki. Shugaba Anwar Sadat ne ya shigar da shari'a cikin kundin 1971 a matsayin ɗaya daga manyan tushe, ya ƙarfafa ta a gyaran 1980 ta zama ita ce babban tushe. To me ya sa dokar 1937 take nan daram, ba haddi ba ƙisasi? Amsar tana wurin Kotun Ƙoli ta Tsarin Mulki. A 1985, a wata shari'a kan kuɗin ruwa da ake bin Jami'ar Azhar kanta, kotun ta yanke cewa sashe na 2 bai shafi dokokin da aka yi kafin 1980 ba. Daga baya ta ƙara da cewa hukunce-hukuncen da nassinsu da ma'anarsu suka tabbata ba shakka su ne kaɗai suka ɗaure majalisa, sauran kuwa fagen ijtihadi ne na mai mulki. Wato alƙalan da suka karanta dokar zamani su ne ke faɗin abin da ya dace da shari'a, ba malamai ba. Kundin 2012 na zamanin Muhammad Morsi ya so a riƙa tuntuɓar manyan malaman Azhar a kan haka. Kundin 2014 ya cire wannan tanadi, ya kuma hana kafa jam'iyya bisa addini.

Ita kanta Azhar, tun dokar 103 ta 1961 da Gamal Abdel Nasser ya yi, ta shiga cikin tsarin gwamnati da kasafinta. Masallatai suna hannun Ma'aikatar Waƙafi, wadda ke ba limamai lasisi tana zaɓa musu maudu'in huɗubar Juma'a. Duk hukuncin kisa sai an aika wa mufti ya duba, amma ra'ayinsa shawara ce kawai. Duk da haka malaman ba 'yan amshin shata ba ne. A Janairun 2017 Shugaba Abdel Fattah al-Sisi ya nemi a daina ƙirga sakin baki sai wanda aka rubuta gaban jami'i. Majalisar manyan malamai ƙarƙashin Shaikh Ahmad al-Ɗayyib ta ce sakin baki yana aukuwa, kuma maganar ta tsaya nan.

Kiristoci, waɗanda mafi yawansu Kibɗawa ne kuma ana ƙiyasta su kusan kashi 10 cikin 100, suna da sashe na 3 na kundin tsarin mulkin, wanda ya bar musu da Yahudawa dokokinsu na aure da zaɓen shugabannin addini. Gina coci ya daɗe yana ƙarƙashin umarnin Daular Usmaniyya na 1856 da sharuɗɗa goma na 1934, har gyaran gini sai an nemi izini daga sama. Doka ta 80 ta 2016 ta mayar da izinin hannun gwamnoni, kuma wani kwamitin gwamnati ya halatta fiye da coci da gine-ginen coci 2,000 da aka yi ba takarda. Sisi ya halarci addu'ar Kirsimeti a babban cocin Kibɗawa a Janairun 2015, ya buɗe katafaren coci da katafaren masallaci rana ɗaya a sabon babban birni a 2019, a 2022 kuma ya naɗa Boulos Fahmy, Bakibɗe na farko da ya shugabanci Kotun Tsarin Mulki. Masu suka na cewa har yanzu dokar coci daban ta masallaci daban, kuma a ƙauyukan Minya rikici kan coci yakan ƙare ne a zaman sulhu, ba a kotu ba.

Wanda ba ya cikin addinai ukun nan shi ne ke shan wuya. Sashe na 64 na kundin tsarin mulkin ya ce 'yancin aƙida cikakke ne, amma yin ibada a fili da gina wurinta na mabiya addinan sama ne kawai. An rushe cibiyoyin Baha'iyya da doka tun 1960. Da aka koma katin shaida na kwamfuta, wanda ba ya karɓar komai a gurbin addini sai Musulmi ko Kirista ko Bayahude, mabiyanta suka rasa katin, suka rasa makaranta da banki da takardar haihuwa. Sai a 2009 kotu ta tabbatar a riƙa ja musu ɗan layi a gurbin.

Akwai kuma sashe na 98(f) na kundin laifuka, wanda ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar kan wulaƙanta addini. Ya hau kan Kiristoci da 'yan Shi'a da waɗanda suka bar addini, ya hau kan Musulmi 'yan Sunna ma, kamar mai shirin talabijin Islam Buhairi da aka ɗaure a ƙarshen 2015 kan sukar littattafan magabata. Kafin nan, a 1995, kotun ɗaukaka ƙara ta Alƙahira ta ayyana Farfesa Nasr Hamid Abu Zaid na Jami'ar Alƙahira a matsayin wanda ya yi ridda, ta raba aurensa ba da son matarsa ba, su biyun suka yi hijira zuwa Holan. Abin da gwamnati ta yi bayan nan darasi ne: a 1996 ta yi dokar da ta ƙwace ikon shigar da irin wannan ƙarar hisba daga hannun jama'a ta ba mai gabatar da ƙara na gwamnati shi kaɗai.

Laifin da ba a rubuta sunansa ba

Azhar da Cocin Kibɗawa bakinsu ɗaya a kan haramcin luwaɗi da maɗigo, kuma mafi yawan Misirawa na tare da su. Amma babu sashe ko ɗaya a dokar Masar da ya ambaci luwaɗi da sunansa. Abin da ake amfani da shi doka ce ta 10 ta 1961, wadda aka yi don yaƙi da karuwanci bayan rufe gidajen karuwai masu lasisi a 1949. Ta tanadi ɗaurin wata uku zuwa shekara uku ga wanda ya mayar da fajirci ɗabi'a, kotuna kuma suka fassara wannan da mu'amalar namiji da namiji ko da babu kuɗi a ciki.

Ranar 11 ga Mayu, 2001, 'yan sanda suka kai samame wani gidan rawa na kan ruwa mai suna Queen Boat da ke kogin Nilu a Zamalek. Aka gurfanar da maza 52 gaban kotun tsaron ƙasa ta dokar ta-ɓaci, jaridu suka buga sunayensu da hotunansu. A Nuwamba aka ɗaure 23 aka sallami 29. Mubarak ya soke hukuncin mafi yawansu, aka sake shari'a a kotun yau da kullum, inda a 2003 aka yanke wa 21 shekara uku-uku. A Disamban 2014 aka kama maza 26 a wani gidan wanka kusa da dandalin Ramsis, kyamarar wata mai shirin talabijin tana ɗaukarsu tsirara. Wata guda bayan haka kotu ta wanke su duka, amma sunan da ya ɓaci ba kotu ke gyara shi ba.

Samame mafi girma ya biyo bayan wasan da mawaƙan Lebanon na Mashrou' Leila suka yi a Alƙahira ranar 22 ga Satumba, 2017, inda wasu suka ɗaga tutar bakan gizo ta masu neman jinsi guda. Aka kama mutane gommai cikin 'yan makonni. Hukumar kula da kafafen watsa labarai ta hana bayyanar masu neman jinsi guda a talabijin da rediyo da jaridu, har a 2019 aka yanke wa mai gabatar da shiri Muhammad al-Gaiti ɗaurin shekara guda don ya yi hira da ɗan luwaɗi, duk da shi ma mai sukar ɗabi'ar ne. Sarah Hegazi, ɗaya daga masu ɗaga tutar, ta yi wata uku a tsare, ta ce an azabtar da ita, ta samu mafaka a Kanada, ta kashe kanta a Toronto a Yunin 2020 tana da shekara 30. Wasu 'yan majalisa sun gabatar da ƙudurin haramta luwaɗi ƙarara a 2017, bai zama doka ba.

Ƙungiyar kare haƙƙi ta EIPR da ke Alƙahira ta ƙirga mutum 232 da aka kama tsakanin ƙarshen 2013 da Maris 2017, da yawansu ta hanyar tarkon da 'yan sanda ke ɗanawa a manhajojin waya. Ƙungiyar Human Rights Watch ta sha ba da rahoton duka da gwajin dubura na dole, gwajin da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta yi tir da shi a 2017 ta ce ba shi da tushe a kimiyya. Tun 2018 an ƙara da dokar laifukan intanet, wadda ta hukunta keta tarbiyyar iyalin Masar ba tare da ta fayyace iyakarta ba, kuma da ita aka ɗaure 'yan mata masu bidiyo a TikTok. Gwamnati a nata ɓangare tana cewa ba ta hukunta kowa don abin da ke zuciyarsa, tarbiyyar jama'a take karewa, kuma a Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙin duk shawarar da ta ambaci wannan batu.

A nan ne wasu lauyoyin Masar, har da masu ƙyamar aikin, ke ɗaga yatsa. A fiƙihu haddin zina yana buƙatar shaidu huɗu ko iƙirari, tajassusi haramun ne, wanda ya yi ƙazafi kuma shi ma yana da bulala. Tarkon waya da tallata fuska a jarida da bincike a jikin mutum ba daga littattafan malamai aka ɗauko su ba.

Abin lura gare mu

Tsarinmu ya sha bamban. Sashe na 10 na kundin 1999 ya hana Nijeriya ɗaukar addinin ƙasa, amma jihohi goma sha biyu na Arewa, Zamfara a gaba, sun faɗaɗa shari'a zuwa laifuka tun 2000. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14. Zubar da ciki laifi ne sai don ceton ran uwa, ko da yake Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Maputo tun 2004. Ƙurar da ta tashi a 2024 kan Yarjejeniyar Samoa ta yi kama da ta Alƙahira a 1994: aka yi huɗubobi da zanga-zangar baki, alhali kaɗan ne suka karanta takardar.

Masar ta nuna cewa rubuta addini a kundin mulki bai sa mulki ya koma hannun malamai ba. Sau da yawa malaman ne ke komawa hannun mai mulki. Ta kuma nuna cewa dokar da ba ta fayyace laifi ba wuƙa ce mai baki biyu, yau a kan wanda kake ƙi, gobe a kan malamin da kake so. Ko wane ɓangare mai karatu yake a waɗannan batutuwa, kafin ya goyi bayan wata doka ko ya yaƙe ta, ya nemi matanin ya karanta, ya tambayi wa zai fassara ta, wa zai aiwatar da ita, kuma wa zai tsaya wa wanda aka kama bisa kuskure.